Darar Haruffa da Gwanayenta

Ɗan uwa mai karatu, ka san dara. Ka san yadda maza ke zama a inuwa bayan an gama aikin gona, a haƙa gurabu a ƙasa, wani ya ɗauki ƙirare, wani ya ɗauki tsakuwa. Ka san kuma kowane gari yana da gwaninshi wanda ba a ja da shi.

To, yau labarin wata dara muka kawo maka. Ita wagga dara da haruffa ake yin ta, irin waɗanga da ka koya a ajin yaƙi da jahilci. Sunanta Scrabble, ana faɗin shi kamar «sikirabul». Ana yin gasarta ta duniya baki ɗaya, a fidda sarki, kamar yadda ake fidda mai takobi a kokowar ƙasarmu tun 1975. Abin da ya sa labarin ya cancanci ka ji shi, ƴan Afirka sun sha kada Turawa a cikin wagga gasa, kuma da harshen Turawan suka kada su.

Yadda ake wasan

Akwai allo mai gidaje 225, wato 15 a tsaye, 15 a kwance. Akwai ƴar jaka cike da ƙananan katakai, kowane da harafi guda a rubuce. Ƙarƙashin harafin akwai ƴar lamba, ita ce kuɗɗinshi, wato makin da yake kawowa. Kowane ɗan wasa ya zura hannu cikin jaka, ba tare da ya duba ba, ya ciro haruffa 7. Da su zai haɗa kalma ya ɗora bisa allo. Na biyu ya zo ya haɗa tashi kalma, amma dole ta sarƙe da wadda ke bisa allo, kamar saƙar tabarma. Wasu gidaje suna ninka makin harafi sau 2 ko sau 3, wasu suna ninka kalmar dukanta. Wanda ya iya zuba haruffanshi 7 a tashi guda, ana yi mashi gyaran maki 50. In jaka ta ƙare aka gama, sai a yi lissafi. Mai maki da yawa shi ya ci.

Ka gani, abu biyu wasan ke nema: rubutu daidai, da ƙidaya.

Wanda ya ƙago shi

Wani mutumin Amurka ne, sunanshi Alfred Butts. Aikinshi zana fasalin gidaje bisa takarda kafin magina su kama aiki. A 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, bankuna suka rufe, gine-gine suka tsaya. A 1931 Butts ya rasa aikinshi. Yana zaune a birnin Niyu Yok ba abin yi, sai ya shiga nazarin wasannin da mutane ke so. Ya ga akwai na sa'a zalla, kamar caca. Akwai na dabara zalla, kamar dara. Shi kuwa ya nemi wanda zai gama biyun.

Ga inda hankalinshi ya fito. Ya ɗauki jaridu, ya zauna yana ƙirga haruffa ɗaya bayan ɗaya, domin ya san wane harafi ke yawan fitowa a Ingilishi, wane ne ke wuyar gani. Ya tarar E ya fi kowane yawa, sai ya sa shi sau 12 cikin jaka, kuɗɗinshi maki 1. Q da Z kuwa ba su cika fitowa ba, sai ya sa guda-guda, kowane maki 10. Kasuwa ce sak: abin da ya yi yawa ya yi araha, abin da ya yi wuya ya yi tsada.

Da farko ya sa ma wasan suna Lexiko, ba ya da allo. A 1938 ya ƙara mashi allo. Ya kai shi ga manyan kamfanonin kayan wasa, duka suka ce ba su so. Sai ya dinga yin ƴan kaɗan da hannunshi yana saida ma abokai. Haka aka shekara goma.

A 1948 wani mai suna James Brunot ya karɓi wasan, bisa sharaɗin zai dinga ba Butts wani ɗan abu ga kowane allon da aka saida. Shi ne ya raɗa mashi suna Scrabble. Shi da matarshi suka samu wata tsohuwar lakwal da aka bari a wani ƙauye, suka maida ta wurin aiki, suna buga haruffa bisa katakai. A 1949 sun yi allo 2400, suka yi faɗuwar dala 450. Dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Sai a 1952 kasuwa ta buɗe, lokacin da wani babban kanti na Niyu Yok ya fara saida shi. Brunot ya kasa biyan bukata, ya miƙa aikin ga wani babban kamfani. A 1954 kaɗai an saida kusan miliyan 4. Butts ya ga wanga abu da idonshi, domin ya yi tsawon rai: sai a 1993 ya rasu, yana da shekara 93.

Kowane harshe da kasuwarshi

Da wasan ya ƙetare teku ya shiga Ingila da Faransa, sai aka ga lissafin Butts na Ingilishi ne kaɗai. Dole kowane harshe a sake ƙirga mashi haruffa. Jakar Ingilishi tana da katakai 100, ta Faransanci tana da 102. Cikin kowace akwai 2 da ba a rubuta masu komi ba, ɗan wasa yana iya maida su kowane harafin da ya ga dama, amma ba su kawo maki.

Tsaya ka ji abin dariya. A Faransanci K baƙo ne. Guda ɗaya tak ke cikin jaka, kuɗɗinshi maki 10. Haka W, haka Y. Mu kuwa a Hausa waɗanga haruffa su ne gero da dawarmu. Da za a yarda ka rubuta Hausa da jakar Faransanci, kalmar «wake» kaɗai maki 22 ce, «kyawo» kuma 32. Amma da ka sha wuya ta wani gefe. In kana son rubuta «kwakwa», sai ka kashe katakan nan 2 marasa rubutu, domin K ɗaya ne, W ma ɗaya. Su ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kuwa, ko ka zazzage jakar ba ka ganin su. In kana da lokaci, gwada aikin Butts bisa wanga shafi: ɗauki layi 5, ka ƙirga A nawa ne, E nawa ne. Nan take za ka san harafin da zai zama mai araha a kasuwar Hausa.

Daga tsakar gida zuwa filin gasa

Shekara ashirin na farko, wasan cikin gida ne, na miji da mata da ɗiya bayan abincin dare. Daga nan gwanaye suka soma neman junansu. Aka kafa ƙungiyoyi gari-gari, ana haɗuwa rana guda cikin mako. Ingila ta yi gasar ƙasa ta farko a 1971, Amurka a 1978. Gasar duniya ta Ingilishi kuwa sai a 1991, a Landan, wani Ba'amurke mai suna Peter Morris ya cinye.

Wasan gasa ba irin na gida ba ne. Mutum 2 ne, fuska da fuska. Ga agogo mai fuska biyu tsakaninsu. A gasar Ingilishi kowa yana da minti 25 na wasan duka, in ya zarce a zabge mashi maki 10 ga kowane minti. Wajen ciro haruffa, sai ka ɗaga jaka sama da idonka, ka buɗe tafin hannunka kowa ya ga ba komi ciki. Ba banza aka sa wagga doka ba. A 2012, a gasar ƙasar Amurka, an kori wani ɗan wasa domin an kama shi ya ɓoye katakan nan marasa rubutu. Ko a darar ƙauye ka san akwai mai matsar da tsakuwa in ka juya kai.

Masu Faransanci sun riga masu Ingilishi, kuma sun bi wata hanya ta daban. Wani lauya ɗan ƙasar Beljika, Hippolyte Wouters, ya ce shi sa'a ce ba ya so a wasan. Mi ya sa wani zai ciro haruffa masu kyau, wani ya ciro tarkace, sannan a ce wane ya fi wane? Sai ya shirya wani salo. Ƴan wasa duka su zauna ɗaki guda, ko sun kai ɗari nawa, kowa da teburinshi da allonshi, kamar ƴan lakwal ranar jarrabawa. Alƙali ne ke ciro haruffa 7, ya faɗe su da ƙarfi. Kowa ya ɗauki irinsu. A ba su minti 3. Kowa ya rubuta kalmar da ya samu bisa ƴar takarda, da makinta, yara su bi su karɓe. Sai alƙali ya faɗi kalmar da ta fi kowace maki, kowa ya ɗora ta bisa allonshi, a ci gaba. A nan ba mai cewa jaka ta cuce shi. Iri guda aka ba kowa, fili guda, ruwa guda. In damenka bai kai na maƙwabci ba, ka san inda za ka duba.

Da wanga salo aka yi gasar duniya ta farko ta Faransanci a 1972, a garin Cannes na Faransa, Wouters ɗin ne ma ya cinye. A 1978 aka kafa babbar ƙungiyar duniya ta masu wasan da Faransanci. Sai a 2006 suka ƙara gasar duniya ta fuska da fuska.

Shigar ƴan Afirka

Wasan ya shigo Afirka ta hannun malaman lakwal da ɗalibai da ma'aikata. Ƙasashen da Faransa ta mallaka, kamar tamu, suka ɗauki na Faransanci. Najeriya da Gana da Kenya suka ɗauki na Ingilishi. Turawa ba su kawo ma ransu wani abu zai fito daga nan ba. A ganinsu, yaya wanda ya tsinci harshe a lakwal zai kada wanda ya sha shi a nono?

Sanagal ce ta fara ba su amsa. A 2000 wasu ƴan Sanagal 2, Ndongo Samba Sylla da Arona Gaye, suka ci gasar duniya ta bibbiyu. A 2002 Sylla ya ci ta sauri, wadda minti 1 kaɗai ake ba mutum ya nemo kalma. Sylla ɗin nan daga baya ya zama masanin tattalin arziki, an san shi da rubuce-rubuce bisa kuɗɗin sefa da ke aljihunka. A 2007 aka tafi Kebek, ƙasar Kanada, ƴan Sanagal suka kwaso kambi 3. Amar Diokh ne ya ci na fuska da fuska.

A 2008 aka kawo gasar Dakar. A nan ne ya kamata ka riƙe suna guda: Elisée Poka, ɗan ƙasar Kodibuwa. Turawa sun sauka ta jirgin sama. Shi kuwa kwana 5 ya yi cikin mota kafin ya iso. Abokan karawarshi na Turai da kwamfuta suke koyo, su danna haruffa ta jero masu kalmomi. Shi kaye gare shi, wanda ya cika da kalmomi da hannunshi, shi yake bita a hanya. Da aka tashi, shi ne sarkin duniya na fuska da fuska. Bayanshi Julien Affaton na ƙasar Benin ya ci a 2014.

Kada ka zaci abin mamaki ne ko asiri. Wanda aka haifa cikin harshe, kalmomin da yake magana da su kullum ba su wuce ƴan dubbai ba. Ƙamus ɗin gasa kuwa kalmominshi ɗaruruwan dubbai ne: sunayen tsuntsaye da kifaye, da cututtuka, da kuɗɗin ƙasashe, da tsofaffin kalmomin da ba wanda ya faɗa tun zamanin kakanni. A gaban wanga tari, Bafaranshe da Basanagale duka baƙi ne. Wanda ya fi zama ya hardace shi ke gaba. Gwanaye ba su ma hardace kalma yadda take. Jera haruffanta suke bisa tsarin a, b, c, su riƙe ta haka. Misali da Hausa: in ka ga A, A, K, R, ka san akwai «kara», akwai «raka». Haka suke yi ma kalmomi dubu bisa dubu, har ya zamana da sun kalli haruffa 7 a hargitse, kalmar ta yi tsalle ta fito.

Sai maƙwabtanmu na kudu. Najeriya ta kafa ƙungiyarta ta ƙasa a 1989, kuma ba da daɗewa ba gwamnati ta sa wasan cikin jerin wasannin ƙasa, kamar ƙwallo da dambe. Ana da masu horo, ana shiga sansani kafin gasa. Ƴan Najeriya suka fito da tasu dabara. Turawa sun saba son doguwar kalma. Su kuwa suka lura doguwar kalma tana buɗe ma abokin gaba ƙofofi, ta kai shi gidajen da ke ninka maki. Sai suka fi karkata ga gajerun kalmomi, suna toshe hanya, suna ajiye haruffa masu kyau sai lokacinsu ya yi. Duk ɗan dara ya san wanga hali: ba kowane ci ake ci ba.

A watan Nuwamba na 2015 aka yi gasar duniya ta Ingilishi a Perth, ƙasar Ostareliya. Takardun izinin shiga ƙasar ba su fito ma ƴan Najeriya da wuri ba, suka iso gab da farawa, da gajiyar doguwar tafiya. Duk da haka Wellington Jighere, ɗan jihar Delta mai shekara 32, ya kai wasan ƙarshe. Ya gamu da Lewis Mackay, Bature ɗan Ingila. Aka yi 4, Jighere ya cinye 4. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya ta Ingilishi. Ya samu dalar Amurka 10000, wajen miliyan 6 na sefa a lokacin. Shugaban Najeriya na wannan zamani, Muhammadu Buhari, ya kira shi ta waya ya yi mashi barka.

Mutumin da bai jin harshen

A wannan shekara ta 2015 wani abu ya faru wanda ya girgiza masu Faransanci duka, baƙi da fari. Akwai wani ɗan ƙasar Niyu Zilan, Nigel Richards, mai yawan gemu, mai ƙarancin magana. Ya riga ya ci gasar duniya ta Ingilishi a 2007 da 2011 da 2013. Ba ya jin Faransanci. Sai ya ɗauki ƙamus ɗin gasar Faransanci, mai kalmomi sama da 380000, ya yi mako 9 yana harda. Ya tafi Beljika ya shiga gasar fuska da fuska. A wasan ƙarshe ya gamu da Schélick Rekawe na ƙasar Gabon, ya kada shi 2 da 1. Da aka ce ya yi ma jama'a godiya, sai da aka nemo mashi tafinta. A 2024 ya sake irin ta a Garanada, ƙasar Sifen, ya ci gasar duniya ta Sifaniyanci, harshen da shi ma ba ya magana da shi.

A nan sai mu faɗi ra'ayinmu. Mutumin gwani ne, ba musu. Amma irin saninshi kamar na makiyayin da ya san kowace saniya ta garke da zanenta da ƙahonta, bai taɓa kurɓar nononta ba. Ya san surar kalma, bai san abin da take nufi ba. Da za a aje shi a babbar kasuwar Yamai da Faransancin nan nashi, da wuya ya sayo gishiri. Kai da ke karanta wanga shafi kana gane abin da ake gaya maka, akwai abin da ka riƙe wanda gasa ba ta aunawa. Sai dai labarinshi ya tabbatar da abin da Poka da Jighere suka nuna: a wanga fili ba a tambayar harshen da uwarka ta yi maka magana da shi.

Wa ke da ikon cewa kalma ta halatta?

Saura magana guda, kuma ita ce ta fi tada gardama tsakanin ƴan wasa. In ka ɗora kalma, abokin karawarka ya ce bai yarda ba, sai a tsaida agogo a duba ƙamus. In tana ciki, ta zauna. In babu ta, ka kwashe haruffanka, ka yi asarar zagayen. Ba ruwan alƙali da cewa kowa a garinku yana faɗin ta. Ke nan masu rubuta ƙamus su ne sarakunan wasan, ko da ba su taɓa zama gaban allo ba.

A Amurka an yi rigima a 1994, da aka ce a fidda kalmomin zagi da na cin mutuncin ƙabilu daga ƙamus. Wasu ƴan gasa suka ce su kalma katako ce kawai, ba zagin kowa suke ba. Wasu suka ce zagi zagi ne, ko bisa allo. Aka raba: ƙamus ɗin gida daban, na gasa daban. Sai a 2020 ƙungiyar ƴan gasar Amurka ta cire irin waɗanga kalmomi sama da 200 daga nata.

Masu Faransanci sun samu nasu ƙamus na musamman daga 1990, kuma ana sake duba shi bayan ƴan shekaru. A cikinshi an buɗe ƙofa ga Faransancin da ake yi a wajen Faransa: na Beljika, na Suwis, na Kebek, da na Afirka. Shi ya sa yau za ka tarar da «boubou», wato babbar riga, da «banco», wato ƙasar gini, da «daba», wato fartanya. Akwai «essencerie», sunan da mutanen Sanagal suka ƙago ma gidan mai, wanda ba a faɗi a Paris. Ƙamus ɗin Ingilishi shi ma ya karɓi «naira» da «kobo».

Sunan harshenka ma yana ciki, da irin rubutun Faransawa: HAOUSSA. Ƙirga haruffan. Bakwai ne cif. H maki 4, sauran 6 maki ɗai-ɗai, ya zama 10. Ɗan wasan da ya ciro su duka a hannu guda, ya samu wurin ɗora su, yana da wanga 10 ɗin da gyaran 50, wato maki 60, kafin a duba ko kalmar ta faɗa bisa gidan da ke ninkawa.